Yaya ake auna cin hanci tsakanin ƙasashe, kuma me lambar da ake ba Najeriya take nufi?

Tambayar da aka yi ita ce: duk farkon shekara sai a ji an fitar da jadawali, an ce ƙasa kaza ce ta ɗaya a tsafta, Najeriya kuma tana ta 140 ko ta 150. Wa ya ƙirga cin hancin, kuma da wane mudu? Ana iya dogara da wannan lamba a ce wata ƙasa ta fi wata ɓarna?

Babu wanda ya ƙirga. Mai bayarwa da mai karɓa duk ba sa yanka rasiti, don haka ba a taɓa samun ƙasar da aka tattara jimillar toshiyar bakin da aka bayar a cikinta kamar yadda ake tattara harajin kwastan ba. Jadawalin da ake magana a kansa shi ne CPI (Corruption Perceptions Index, wato ma'aunin yadda ake ganin cin hanci) na ƙungiyar Transparency International mai hedkwata a Balin ta Jamus, wadda Peter Eigen, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya kafa tare da abokan aikinsa a 1993. Abin da CPI yake aunawa shi ne yadda masana da shugabannin kamfanoni suke ganin girman cin hanci da rashawa a ma'aikatun gwamnatin ƙasa. Ra'ayi ne aka mayar lamba. Wannan bai sa ya zama aikin banza ba, amma ya ƙayyade irin tambayar da zai iya amsawa.

An fara fitar da shi a 1995 da ƙasashe 41, bisa tsarin da wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Johann Graf Lambsdorff, ya shata. Najeriya ta shiga a 1996 ta zo ta ƙarshe cikin 54, haka kuma a 1997 da 2000. Kamaru ce ta ƙarshe a 1998 da 1999. Amma lura: ta ƙarshe cikin 54 ba ta ƙarshe a duniya ba ce, domin a lokacin sama da ƙasashe ɗari ba a ko duba su ba. A jadawalin 2024 an saka ƙasashe da yankuna 180.

Transparency International ba ta aika ma'aikatanta su zaga ƙasashe da takardar tambayoyi. Tana ɗauko sakamakon binciken da wasu suka riga suka yi ne, majiyoyi 13 daga hukumomi 12. Daga cikinsu akwai awon ingancin manufofi da hukumomin ƙasa na Bankin Duniya, da irinsa na Bankin Raya Afirka. Akwai na gidauniyar Bertelsmann ta Jamus guda biyu. Akwai kamfanonin da ke sayar wa masu zuba jari bayanin haɗarin ƙasashe, kamar Economist Intelligence Unit da PRS Group. Akwai tambayoyin da World Economic Forum ke yi wa manajojin kamfanoni. Akwai World Justice Project da kuma V-Dem da ke Jami'ar Gotenbag a Suwidin. Ba kowace majiya ke duba kowace ƙasa ba. Wata majiya mai suna PERC ƙasashen Asiya ta fi mayar da hankali a kai, wata mai suna Freedom House kuma a wannan fanni gabashin Turai da tsohuwar Tarayyar Sobiyat take dubawa, na Bankin Raya Afirka kuwa a Afirka ya tsaya. Ƙa'idar ita ce sai ƙasa ta bayyana a majiya uku aƙalla kafin a ba ta maki. Wata ƙasar da uku kacal aka auna ta, wata da tara ko goma, kuma wannan bambanci yana da tasiri, kamar yadda za a gani a gaba.

Kowace majiya da nata sikelin. Bankin Duniya daga 1 zuwa 6 yake bayarwa, wata daga 0 zuwa 4, wata daga 1 zuwa 7, a wata ma babbar lamba ce ke nuna muni, sai an juya ta. Don a haɗa su, ana ɗaukar makin da ƙasa ta samu a majiya, a debe matsakaicin makin duk ƙasashe a wannan majiyar, a raba da gwargwadon yadda makin ƙasashen ya bazu daga matsakaicin. Abin da ya fito sai a ninka shi da 20, a ƙara 45. Matsakaici da bazuwar da ake amfani da su na shekarar 2012 ne, an kafe su a nan don mudun ya zama ɗaya kowace shekara. Ga misali na ƙirƙira don lissafin ya fito fili: a ce majiya ta ba ƙasa 2.5, matsakaicin majiyar 3.3 ne, bazuwarta 0.8. To 2.5 a debe 3.3 ya ba da 0.8 ƙasa da sifili, a raba da 0.8 ya zama ɗaya ƙasa da sifili, a ninka da 20 a haɗa da 45, an samu 25. Haka za a yi wa kowace majiya, sannan a tara a raba da yawansu. Idan majiyoyi biyar suka ba da 22, 25, 31, 18 da 29, jimilla 125, makin ƙasar 25 ke nan. Ba a fifita wata majiya a kan wata. Sifili shi ne ƙarshen lalacewa, 100 kuma ƙarshen tsafta, kuma babu ƙasar da ta taɓa samun ɗari.

Yanzu duba waɗancan lambobi biyar. Ɗaya ta ce 18, ɗaya ta ce 31. Majiyoyin ba su yi ittifaƙi ba, don haka 25 ɗin tsakiyar saɓani ne kawai. Shi ya sa a cikakken jadawalin, wanda 'yan jarida ba kasafai suke buɗewa ba, akwai layuka na tazarar kuskure: iyakar ƙasa da iyakar sama, waɗanda aka lissafa bisa tabbacin kashi 90 cikin ɗari. A misalin nan tazarar za ta kama daga wajen 21 zuwa 29. Ƙasar da ke da 25 da wadda ke da 27, idan tazararsu ta shiga cikin juna, ba ka da hujjar cewa ɗaya ta fi ɗaya. Ƙasar da majiya uku kawai suka auna kuwa tazararta kan yi faɗi sosai, har ta kai maki goma ko fiye.

A nan ne mafi yawan rigimar da ake yi a rediyo da jaridu take rasa tushe. Mutane matsayi suke kallo, ba maki ba. Ɗauki Najeriya. A 2016 makinta 28, matsayinta 136. A 2017 maki ya zama 27, matsayi ya faɗa 148, aka yi ta kururuwa cewa ta rikito da mataki goma sha biyu. Maki ɗaya ne ya ragu, kuma a shekarar an ƙara yawan ƙasashen daga 176 zuwa 180. A 2018 makin bai motsa daga 27 ba, amma matsayi ya koma 144. A 2021 maki 24, matsayi 154. A 2022 maki 24 ɗin dai, matsayi 150. Masu riƙe da mulki suka samu abin faɗi alhali babu abin da ya canza sai dai wasu ƙasashe sun zame ƙasa da ita. A 2023 ta samu 25 tana ta 145, a 2024 ta samu 26 tana ta 140. Dalilin wannan tsalle-tsalle shi ne cunkoso: tsakanin maki 20 da 40 ƙasashe sun yi yawa, biyar ko shida kan taru a maki guda, don haka maki ɗaya tak yana iya tsallakar da kai ƙasashe da dama. A 2024 ɗin Najeriya ta raba matsayi na 140 ne da Kamaru da Uganda da Madagaska da Iraƙi da Meziko. Gaskiyar da ke cikin lambobin ita ce tun 2012 Najeriya ba ta fita daga tsakanin 24 da 28 ba. Gwamnatoci uku sun zo a cikin wannan lokaci, masu mulki kan yi murna a shekarar da aka hau, su ƙaryata jadawalin a shekarar da aka sauka, allurar kuwa tana nan kusan inda take.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne kwatanta makin kafin 2012 da na bayanta. Kafin 2012 sikelin daga 0 zuwa 10 yake, kuma hanyar lissafin ta dogara ne da jerin matsayin ƙasashe a kowace majiya, don haka makin ƙasa kan motsa saboda motsin wasu. Wanda ya ce maka 2.4 na 2011 daidai yake da 24 na sabon sikeli ya ninka da goma ne kawai, bai kwatanta komai ba. Ita kanta ƙungiyar ta bayyana cewa daga 2012 ne ake iya jera shekara da shekara.

To a ina jadawalin yake da amfani? Inda tazara ta yi nisa. A na 2024 Denmak ta samu 90, Finland 88, Singafo 84; a can ƙasa kuma Sudan ta Kudu 8, Somaliya 9, Benezuwela 10. Matsakaicin duniya 43, na Afirka kudu da Sahara 33. A cikin Afirka, Seychelles na da 72, Kef Bade 62, Botsuwana da Ruwanda 57 kowacce, Ghana 42. Babu tazarar kuskuren da za ta haɗe 26 da 57. Idan majiyoyi takwas ko tara, masu hanyoyin aiki daban-daban, duk suka ajiye Botsuwana nesa da Najeriya shekara bayan shekara, to akwai abin da suke gani. Haka ma idan makin ƙasa ya yi ta zamewa a hankali tsawon shekara biyar ko goma har ya rasa maki takwas ko goma, wannan alama ce da ta cancanci a tsaya a kanta.

Sai abin da jadawalin ba ya gani, kuma wannan ne ya fi damun duk wanda ya san yadda manyan kuɗin sata suke tafiya. CPI ya tsaya ne a kan ma'aikatun gwamnati na cikin ƙasa: karɓar toshiyar baki, karkatar da kuɗin jama'a, amfani da kujera don cika aljihu, ɗaukar aiki ta hanyar alfarma da dangantaka, 'yan tsiraru su kame hukumomin ƙasa, da kuma ko akwai dokar bayyana kadara da kariya ga masu tona asiri. Ba ya auna halasta kuɗin haram, ba ya auna kaucewa haraji, ba ya auna bankuna da lauyoyi da akantocin da ke ɓoye kuɗin, ba ya kuma auna cin hancin da kamfanin wata ƙasa ya je ya bayar a wata ƙasa. Denmak da ke kan gaba, bankinta mafi girma, Danske Bank, shi ne wanda kimanin Yuro biliyan 200, da yawansu kuɗin da ake shakkar asalinsu, suka ratsa ta reshensa na Estoniya tsakanin 2007 da 2015. A 2022 bankin ya amsa laifi a Amurka ya amince da biyan dala biliyan biyu. Kamfanin sadarwa na Telia na Suwidin ya amince a 2017 zai biya dala miliyan 965 kan cin hancin da ya bayar a Uzbekistan. Kamfanin cinikin mai da ma'adinai na Glencore, mai hedkwata a Suwizalan, ya amsa a 2022 cewa ya ba da cin hanci a ƙasashen Afirka da suka haɗa da Najeriya da Kamaru. Kuɗin Abacha kuma ba a Mogadishu aka ɓoye su ba: dala miliyan 321 daga Suwizalan aka dawo da su, wasu miliyan 311 kuma daga tsibirin Jersey a 2020. A duk waɗannan, baƙin jinin yana kan ƙasar da jami'inta ya karɓa, ƙasar mai bayarwa da mai ajiya kuma makinta na nan garau. Ɓarawo ake aunawa, ba a auna mai sayen kayan sata.

Akwai kuma matsalar da ke tattare da ra'ayi shi kansa. Ƙasar da ta tashi tona asiri kan ga makinta ya faɗi, domin abin da yake rufe a da yanzu kowa na karanta shi a jarida. Barazil ta samu 43 a 2014, shekarar da aka fara binciken Lava Jato kan kamfanin mai na Petrobras. A 2015 ta koma 38, a 2018 ta kai 35. Satar ta riga binciken da shekaru, abin da ya ƙaru shi ne sani. Akasin haka, ƙasar da aka rufe bakin 'yan jarida da alƙalai tana iya zama shiru, shirun kuma ya yi kama da tsafta ga wanda ke kallo daga nesa. Sannan masanan nan suna karanta rahoton juna, suna karanta CPI na bara, kuma wanda aka ba aikin ba ƙasa maki ba ya son ya yi nisa da abin da sauran suka faɗa. Majiya tara ba lalle ne su zama ido tara masu zaman kansu ba. Ƙari a kan haka, ana karɓar bayanan da aka tattara cikin shekara biyu da suka wuce, don haka jadawalin da ya fito a watan Janairu ko Fabrairu ba hoton gwamnatin da ta hau mulki watanni shida da suka gabata ba ne.

An gwada wannan a aikace. Wasu masu bincike biyu, Mireille Razafindrakoto da François Roubaud, sun yi aiki a manyan biranen ƙasashe takwas na Afirka masu amfani da Faransanci, har da Yamai ta Nijar. Suka tambayi dubban mazauna ko an karɓi cin hanci a hannunsu a shekarar da ta gabata, sannan suka tambayi masana su ƙiyasta amsar da mutanen za su bayar. Ƙiyasin masanan ya ninka abin da mutane suka faɗa sau da dama, kuma jerin ƙasashen da suka yi bai dace da na mazaunan ba. A Indunusiya kuma Benjamin Olken ya sa injiniyoyi sun haƙa titunan da aka gina a ƙauyuka sama da 600, suka auna yashi da duwatsun da aka zuba, aka kwatanta da abin da aka rubuta an kashe. Da aka tambayi mutanen ƙauyukan ra'ayinsu, sun ɗan gane inda aka ƙara farashin kaya, amma inda aka rage yawan kayan ba su gano ba, kuma a nan ne mafi yawan satar take.

Saboda haka mai son kwatanci na gaskiya sai ya haɗa da ma'auni na biyu, wato tambayar abin da ya faru da mutum, ba abin da yake zato ba. Tambayar a nan takamaimiya ce: cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ka yi hulɗa da ɗan sanda ko ma'aikacin asibiti ko na ofishin filaye? Idan ka yi, ka ba da wani abu, ko an nema? Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi irin wannan bincike sau uku, a 2016 da 2019 da 2023. A na farko kashi 32.3 na waɗanda suka yi hulɗa da jami'i sun bayar ko an nema a wurinsu, a na biyu kashi 30.2. A na 2023 an ƙiyasta an ba da cin hanci sau miliyan 87, tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721. An yi irinsa a Ghana kan shekarar 2021, aka samu kashi 26.7. To dubi wannan: a CPI na 2021 Ghana na da 43, Najeriya 24, tazara mai faɗi, amma a wurin da talaka ke haɗuwa da jami'i, 26.7 na Ghana ne da 30.2 na Najeriya a binciken 2019. Ba wai ɗaya daga cikin ma'aunan ya yi ƙarya ba. Abubuwa biyu daban suke aunawa: ɗaya na goron da ake miƙawa a shingen hanya, ɗaya kuma yadda ake ganin kwangila da kasafi da kotu.

Shi ma wannan ma'auni yana da nasa ramin. Ba ya kama babbar sata, domin magidancin da aka tambaya bai san abin da ya faru a ɗakin da aka raba rijiyar mai ba. Mutane kan ɓoye, musamman idan mai tambayar ya zo da katin gwamnati. Fassara ma kan ɓata aiki: wanda aka tambaya da kalmar cin hanci zai iya cewa a'a, alhali da an ce na goro ko ihsani zai ce e, shi ya sa masu tsara tambayoyin kirki ke kauce wa kalmar, su tambayi ko an ba da ƙarin kuɗi ko kyauta ko wata alfarma don a yi aikin. Dole kuma ka duba da me aka raba: da duk jama'a, ko da waɗanda suka yi hulɗa da jami'i kawai. Ƙasar da rabin mutanenta ba sa ganin ma'aikacin gwamnati a shekara za ta fito da ƙaramin kashi idan aka raba da kowa. Binciken Global Corruption Barometer na Afirka na 2019, wanda aka yi da cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Afrobarometer a ƙasashe 35 da mutane sama da 47,000, ya ba Najeriya kashi 44, Kwango Kinshasa kashi 80, Morishiyos kashi 5. Kashi 44 ɗin nan da 30.2 na Hukumar Ƙididdiga ba sa cin karo. Tambayoyin da jerin ma'aikatun da aka tambaya a kansu ne suka bambanta. Kada ka ɗauki lambar Ghana daga wani bincike ka jera ta da ta Najeriya daga wani, sai ka tabbatar tsarin tambayar ɗaya ne.

Bankin Duniya ma yana da nasa ma'aunin daƙile cin hanci tun 1996, wanda ke tafiya daga kimanin 2.5 ƙasa da sifili zuwa 2.5 sama da shi. Kada a ɗauke shi a matsayin shaida ta biyu mai zaman kanta, domin majiyoyinsa da na CPI da yawa ɗaya ne, dole su yi kama.

Idan za ka kwatanta ƙasashe biyu, a ce Najeriya da Nijar, ko Ghana da Senegal, ka sauko da cikakken jadawalin daga shafin ƙungiyar, ba taƙaitaccen da aka raba wa jaridu ba. Ka bar layin matsayi, ka duba maki, da yawan majiyoyi, da iyakar ƙasa da ta sama. Sannan ka bi majiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka ware waɗanda suka auna ƙasashen biyu tare, ka ga ko duk sun karkata gefe guda. Idan huɗu sun fifita wannan, uku sun fifita waccan, babu hukunci. Ka jero makin tun daga 2012, kuma duk inda ka ga tsalle na maki uku ko huɗu a shekara guda, ka duba ko wata majiya ce ta shigo ko ta fita, domin ƙasar da ake aunawa da majiya biyar idan ta rasa mafi tsanani a cikinsu makinta zai tashi ba tare da an kama ɓarawo ko ɗaya ba. Bayan haka ka nemi binciken gidaje na ƙasashen biyu daga hukuma ɗaya da zagaye ɗaya. Idan kuma tambayarka ta shafi wata ma'aikata ce ko wata jiha, CPI ba shi da amsa, lamba ɗaya yake ba ƙasa baki ɗaya, Legas da Yobe a kwando guda. Sai dai ka koma rahoton babban mai binciken kuɗi na gwamnati da bin sawun kuɗi daga baitulmali zuwa inda aka tura su. Irin wannan bin sawu ne ya nuna a Uganda cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 kacal na tallafin da gwamnatin tsakiya ke ware wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai ke isa makarantun, abin da ya sa daga baya aka riƙa buga adadin da aka tura wa kowace gunduma a jaridu.